Robar Hannun Keken Baba

Kan keken ya maƙale a ƙofar bas, Malama tana ja ta ciki, kwandasta yana turawa ta waje, mutanen da ke bayanta suna ta tsaki.

"Hajiya, ina sauran keken? Ko a hanya ya zube?" in ji kwandastan. Motar ta kwashe da dariya.

Ta karkata ƙarfen ya shige, ta samu gefen kujera ta zauna, ta ɗora shi a cinya. Kan keke ne irin na da, wanda hannuwansa biyu suka lanƙwaso baya suna kallon mai tuƙi. Birki da ƙararrawa duk suna jikinsa, saboda haka duk ramin da motar ta faɗa sai ƙararrawar ta kaɗa, sai an waiwayo an dube ta. Matar da ke kusa da ita ta zare gefen mayafinta daga bakin birkin, ta ce, "Baiwar Allah, kada ki tsone mini ido."

"Yi haƙuri," in ji Malama.

Wannan ne zuwanta kasuwa na uku a kan abu guda, wato robar da ake sa wa hannun keke a wurin riƙo.

Keken na Baba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kansa yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa, har ya yi ritaya bai sake wani ba. Wata biyar da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun ranar Malama ta kwaso jakarta ta dawo gidan da aka haife ta, ta bar miji da yara biyu can ƙarshen gari, sai ranar Asabar take leƙa su kamar baƙuwa. Mahaifiyarsu ta daɗe da rasuwa. Ƙanenta kuwa, wanda Baba ba ya kiransa da komai sai Injiniya, yana wani birni mai nisan awa bakwai a mota. Ya zo sau ɗaya, ya kwana biyu, ya ɗauki hoto da Baba a gadon asibiti, ya koma bakin aikinsa. Wanka, juyi, magani, zuwa gashin ƙashi duk Talata, wankin zanin gado, duk suka zama nata, ga kuma aji na yara arba'in da biyu da ke jiranta kowace safiya.

A watannin nan Baba ba ya magana sai dole. Ya zauna a kujerarsa a baranda, ya zuba wa bango ido. Sai makonni biyu da suka wuce, tana yanke masa farce, ya ɗaga haɓa ya nuna keken da ke jingine a lungu, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Uwata, robar hannun keken nan ta mutu. A canza ta."

Saura kaɗan ta yanke masa yatsa don murna. Likitar gashin ƙashi ta sha gaya mata cewa ranar da ya nuna yana son wani abu, ko mene ne, a bi shi, don ta nan sauƙi yake shigowa. Mutumin da ke zancen robar keke ai yana ganin kansa a kan sirdi ke nan. Washegari ta sayo mai laushi, ta soso. Ya matsa ta da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Wannan ai ta wanke kwano ce. Damina ɗaya ta ruɓe." Ta koma ta sayo mai faɗi, mai wani kunne da tafin hannu ke kwanciya a kai. Ya juya ta sau biyu ya ajiye. "Ta keken 'yan tsere ce." Jiya ya ce ta kwance kan keken gaba ɗaya ta tafi da shi, tunda ba ta da ido. Yana zaune yana gaya mata sifanar da za ta ɗauka, ita kuma tana fama da noti mai tsatsa har ta ɗaye fatar yatsa.

Ta sauka a bakin kasuwa, ta rungume ƙarfen, ta ratsa masu tura baro har layin 'yan kayan keke. Wannan karon ba ta tsaya a shagunan gaba masu ƙyalƙyali ba. Mai facin bakin layinsu ya kwatanta mata wani shago a can ƙurya, wanda tayoyi ke rataye a ƙofarsa har sai mutum ya sunkuya zai shiga.

Mai shagon dattijo ne siriri, tabarau a kan hanci, yana ware ƙananan notuna a cikin murfin gwangwani. Da ya ga abin da ta riƙo sai ya ture murfin gefe, ya miƙo hannu biyu ya karɓa kamar an miƙo masa jariri.

"Kai! Har yanzu akwai irin wannan a duniya?" Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce ya kara kunne. "Malama, mai keken nan ya san darajar abinsa. Me ya same shi?"

"Robar hannu nake nema. Sau biyu ina saya ana mayar da ni."

Ta zaro waɗanda ta saya daga jaka ta zube a kan kanta. Ya dube su ta saman tabarau, ya yi dariya ba da sauti ba.

"Wanda ya sayar miki da waɗannan bai taɓa hawa keke ya wuce bakin layinsu ba. Matso ki gani." Ya ɗauki mai kunnen, ya kara ta a jikin ƙarfen. "Wannan an yi ta ne don kai miƙaƙƙe, wanda mutum ke kifa jiki a kansa yana dannawa da tafi. Naku kuwa ya lanƙwaso baya, mutum zaune yake sosai, riƙonsa kamar yana gaisawa da wani. In kin sa mai kunne, kunnen sama zai kalla ko ƙasa, ya riƙa cizon wuyan hannu. Ga ta kuma da tsawo. Dubi nan, daga bakin ƙarfe zuwa inda birki ya kama, bai fi faɗin tafi da yatsa biyu ba. In ta wuce haka za ta hau lanƙwasa, ta yi baki."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, ya fara jera su biyu-biyu. Akwai baƙaƙe masu tauri da gurbin yatsu, akwai masu ruwan ƙasa da aka ɗinke da zare kamar fata, akwai wasu masu santsi, akwai masu ƙananan ƙuraje.

"Abu na biyu, irin wannan kan, hannu baya yake jan roba, wajen bakin ƙarfe. In ba ta kama sosai ba, wata rana mutum yana hawa tudu zai ga roba a hannunsa, keke ya kama gabansa. Na ga wanda ya rasa haƙora uku a haka. Yanzu gaya mini, hannun mai keken babba ne ko ƙarami?"

Malama ta buɗe baki, sai ta ga hannun a gabanta kamar yana kan kantar. Kullum sau biyu take buɗe shi yatsa bayan yatsa, ta wanke tsakaninsu, ta shafa mai, ta cusa ƙunshin tawul a tafin don kada farata su huda nama.

"Babba ne," ta ce. "Na dama yana da ƙarfi. Na hagu ne dai... ba ya rufewa sosai. Ba ya kuma buɗewa sosai. Ɓarin jiki ne."

Dattijon ya cire tabaransa, ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Malama, ba na so in shiga abin da ba a sa ni ba. Amma wanda hannunsa ya..."

"Roba na zo saya, Baba."

"To. Haka ne." Ya mayar da tabaran. "In haka ne, mai kauri za ki ɗauka. Siririya sai yatsu sun naɗe ta kafin a samu riƙo. Mai kauri kuwa ita ke cika hannu, ko yatsu ba su haɗu ba."

Ya ware guda uku. Ta ɗauki ta farko ta riƙe da hannun hagu, ta saki ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ta lanƙwashe wuyan hannunta ciki kamar yadda na Baba yake zama. Robar ta sulluɓe ta faɗi. Ta biyu, mai gurbin yatsu, ta ga ai gurbin nan umarni yake bayarwa, kowane yatsa sai ya zauna inda aka ce, na Baba kuwa sun daina jin umarnin kowa. Ta uku baƙa ce, gajera, bakinta a toshe, tana da ɗan laushi a sama da tauri a ciki, ga zoben ƙarfe a gindinta da ake ɗaurewa da ƙaramin noti. Ta riƙe ta da yatsu uku, ta girgiza. Ta zauna daram.

"Zura ta a jikin ƙarfen ki riƙe duka biyun, ki ji yadda ake ji," in ji dattijon. Ya zura mata su, ya tallafe tsakiyar kan. Ta kama. "Haba, sassauta mana, ba guduwa zai yi ba. Kin iya tuƙi kuwa?"

"Ban iya ba."

"Da keke irin wannan a gidanku?"

Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Tana 'yar shekara tara ta taɓa kama hannuwan nan, ta tura keken daga bakin famfo zuwa ƙofar ɗaki, tana kaɗa ƙararrawa. Baba ya fito ya make mata bayan hannu, ya ce za ta karya masa birki, da shi ake ci da su. Bayan shekara biyu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, tana kallon Baba yana gudu a bayan ƙanenta a kan wannan keken, yana riƙe da sirdi yana haki yana dariya, yaron ko feda ba ya kaiwa. Sau biyu suka karya birkin a makon nan. Ba a make hannun kowa ba.

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Shugabar makaranta ce, wadda Malama ta ce wa da safe za ta kai Baba asibiti. Malama ta matsa bakin ƙofa, tsakanin tayoyin.

"Malama, yaya jikin Baban?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe."

"Wane asibiti ne yanzu ake zuwa da kan keke? Direban makaranta ya gan ki a bas." Ba ta jira amsa ba. "Na yi miki kara, Allah ya sani na yi. Amma masu duba makarantu sun zo yau, sun tarar da ajinki ba kowa, wadda kika bar wa ta tafi nata ajin. Yaro ya fasa wa yaro goshi da gwangwanin fensir. Gobe ki biyo ta ofishina ki karɓi takarda, ki amsa a rubuce."

Layin ya mutu. A ƙasan kiran akwai saƙon mijinta tun safe, wanda ba ta buɗe ba. Auta ce ke tambaya ko Mama za ta zo yau ta yi mata kitso, gobe ana ɗaukar hoto a makarantarsu. Malama ta kashe fuskar wayar ta jefa a jaka.

Dattijon ya yi kamar bai ji komai ba. Ya naɗe robar a takarda, ya haɗa mata da ɗan makullin notin.

"Kada ki sa mai, kada ki sa sabulu. Ki goge ƙarfen ya bushe ƙarau, ki zura, ki ɗaure notin har ya daina juyawa. Allah ya ba shi lafiya ya hau."

"Amin," ta ce, kuma har cikin ranta ta faɗa.

La'asar ta yi kafin ta iso gida. Maƙwabciyar da ta bar wa Baba ta tashi tun Malama ba ta ajiye jaka ba, tana cewa ya ƙi cin komai, ya ce sai ta dawo. Yana nan a kujerarsa a baranda, bakinsa ya ɗan karkace, idanunsa a kan ƙarfen da ke hannunta.

"Kin daɗe," ya ce.

"Layin mota ne, Baba. Bari in zubo maka abinci."

"Ɗaura tukuna."

Ta jawo keken tsakar gida, ta durƙusa da kayan makarantarta a jiki. Ta zura kan a gurbinsa, ta matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinta, yana daga zaune yana cewa ya karkace hagu, a'a ya yi yawa, dawo da shi. Ta haɗa birki. Ta kankare ragowar tsohuwar roba da wuƙa, ta goge ƙarfen da tsumma, ta zura sababbin, ta ɗaure notunan har makullin ya shata mata layi a tafi. Sannan ta turo keken gabansa.

Ya miƙa hannun dama ya kama. Ya matsa, ya murɗa, ya ja baya da ƙarfi. Robar ba ta motsa ba. Ya sa babban yatsa ya bi zoben ƙarfen. A karo na farko cikin wata biyar ta ga gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Yauwa. Wannan ita ce roba."

Takardar gobe, goshin yaron, kitson Auta, duk suka yi nisa. Ta zagayo ta ɗago hannunsa na hagu daga cinyarsa, ta fara buɗe yatsun a hankali.

"Kawo mu gwada wannan, Baba. Don shi na zaɓi mai kauri. Mai shagon ya ce ko yatsu ba su haɗu ba..."

Ya janye kafaɗarsa, hannun ya zame daga nata ya koma cinya.

"Bar shi. Wannan ya gama aikinsa."

"Likita ta ce in ana gwadawa..."

"Uwata, ni yaro ne? Tun ranar da na faɗi na san ni da keke sai kallo." Ya sake shafa robar. "Kaurin ma ya yi daidai. Hannun Injiniya irin nawa ne."

Ta tsaya a sunkuye, hannunta a buɗe.

"Injiniya?"

"Wa zan ba in ba shi ba? So nake in miƙa masa da hannuna, keken yana cikin kyansa. Ba na so sai bayan raina a jawo shi daga lungu da yagaggiyar roba a ce ga na ubanka." Ya yi tari, ta goge masa gefen baki da tawul, don hannunta ya riga ya saba, ba sai ta ce masa ba. "Kira mini shi."

Ta ɗauki wayar ta fita bakin ƙofar gida, ta jingina da bango. Sai a kira na uku ya ɗauka, ana jin kiɗa ƙasa-ƙasa da ƙarar na'urar sanyaya mota.

"Yaya, lafiya? Jikin Baba ne?"

Ta gaya masa, a gajarce, muryarta ba hawa ba sauka.

Ya yi dariya. "Keke? Haba Yaya, ina zan kai keke? A hawa na huɗu nake zaune. Ko a bayan mota na sa shi, sai ya ƙarce mini fenti. Ki ce masa na gode kawai. In an kwana biyu ya manta, ki ba masu sayen tsohon ƙarfe, ku samu wuri a barandar."

"Sau uku na je kasuwa a kan robar hannunsa."

"To wa ya aike ki? Ke ma kina biye wa tsoho. Ki lallaɓa shi dai, kin fi ni iya wannan."

Ba ta kashe ba. Ta juya ta shiga gida da wayar a hannu, ta danna ta yadda kowa zai ji, ta kai ta daidai fuskar Baba.

"Ga Baba nan, yana jin ka," ta ce. "Faɗa masa abin da ka faɗa mini."

Aka kashe kiɗan can ɓangaren.

"Baba! Barka da yamma, yaya ƙarfin jiki? Yanzu Yaya take ba ni labari, wallahi har na rasa abin cewa. Keken da na koyi tuƙi a kansa! Ka tuna ranar da muka faɗa kwata ni da kai? Ai wannan ya fi mini komai. Ƙarshen wata in Allah ya yarda ina nan tafe, da kaina zan ɗauke shi."

Baba ya yi dariya, dariya sosai, har kafaɗarsa mai lafiya tana girgiza, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Ka ji ɗan albarka. Sai ka ga robar da na zaɓo maka. Sau biyu ina mayarwa, ban yarda ba sai da aka samo ta gaske."

"Ai na san ka, Baba, ba ka ɗaukar abin banza."

Suka yi ta hira. Malama tana tsaye riƙe da wayar a gaban bakinsa har hannunta ya gaji, ta sauya ɗayan. Ta jira ta ji ko ɗayansu zai ambace ta. Da suka gama, Injiniya ya ce a gaida yara, ya kashe.

Baba ya jingina da kujera yana sauke numfashi, fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Nemo wani abu ki rufe shi. Kada kowa ya riƙa taɓa robar nan, ta yi datti kafin ya zo."

Ta dube shi, ta dubi keken. Maganar tana bakinta, kalma bayan kalma, yadda ƙanenta ya faɗe ta a waya. Ta san in ta furta, dariyar nan ba za ta ƙara dawowa gidan ba, kuma ita ce za ta zauna da abin da ya rage.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon zanin gado. Ta kama keken ta sirdi da kariyar ɗaukar kaya, ta ja shi lungu ba ta taɓa hannuwan ba, ta lulluɓe shi har ƙasa. Sannan ta wuce ta ɗora ruwan wankansa a wuta.